Matambayi Ba Ya Ɓata: Magana Ga Direbobinmu Na Manyan Motoci

Karatu: Littafin Lissafi 10:29-34, Ayyukan Manzanni sura 27.

'Yan'uwa, a birnin Katsina hanyar Kano ta fita ta Ƙofar Ƙaura, ta Dutsin-Ma kuwa ta Ƙofar Ƙwaya, ga kuma ta Jibiya wadda ta miƙe har Maraɗi cikin ƙasar Nijar. Dare da rana manyan motoci suna bin hanyoyin nan da hatsi da shanu da siminti da mai. Cikin masu tuƙa su akwai 'yan'uwanmu masu bi. Ba su da yawa, amma akwai su, sau da yawa kuwa wurin zamansu a majami'a ya kan zauna wofi ran Lahadi. Saboda su mu ke wannan magana, da matansu, da iyayen gidansu masu motoci, da mu duka masu cin abin da su ke ɗaukowa.

Aikin nan ya daɗe a ƙasar Katsina. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wani reshensa kuma ya bi ta Funtuwa har Ƙauran Namoda a 1929, amma Turawa ba su kawo dogo birnin Katsina ba. Saboda haka gyaɗa da auduga da kiraga, a mota aka riƙa kai su tashar jirgi. Kafin mota kuwa akwai fatake. Su ne su kan kora jakuna har Gwanja garin sayen goro, tafiyar watanni. Ayari ba ya tashi sai da madugu, ba ya tafiya kuma sai da jagaba a gaba, wanda ya san inda rijiya ta ke, da inda mafasa su ke fako, da sarkin da za a ba gaisuwa. Direban da ya ɗauko shanu daga nan zuwa Ikko, tafiyar fiye da kilomita 1,000, jikan fataken nan ne wajen sana'a, ko da ya ke jakinsa na ƙarfe ne.

To, mu duba abin da ya faru sa'anda Isra'ilawa su ke shirin tashi daga jejin Sina'i. Akwai wani mutum tare da su, sunansa Hobab, Bamidiyane ne, dangin matar Musa. Ya ce shi zai koma ƙasarsu. Musa bai yarda ba, ya yi ta roƙonsa ya tsaya, gama mutumin ya san jejin, ya san wuraren sauka. Ya yi masa alkawari kuma, duk alherin da Ubangiji ya yi musu za a raba da shi. Ku lura fa, cikin wannan sura ɗaya an faɗa mana girgijen Ubangiji yana bisansu da rana. Mutumin da girgije ke yi wa jagora, me zai yi da ɗan jagora kuma? Amma Musa bai ga saɓani a ciki ba. Allah da ya ba da girgije, shi ya ba Hobab idanu da shekarun da ya yi yana yawo cikin jejin. Ƙin tambayar wanda ya sani ba bangaskiya ba ne, girman kai ne ya sa rigar bangaskiya.

Ku lura kuma, Hobab ba Ba'isra'ile ba ne. Yawancin direbobin tashoshin Katsina Musulmi ne, ɗan'uwa mai bi kuwa tare da su ya ke shan shayi, tare su ke kwana a Mararrabar Jos ko Tafa ko Ogere. Idan tsohon direba ya ce masa gadar gaba ta lalace, ko ya ce kada ya bi hanya kaza bayan la'asar, sai ya ji, ya gode. Shi ma in ya san wani abu kada ya ɓoye. Taya ba ta tambayar addinin mutum kafin ta fashe, wanda ya tsaya ya ba da aron jak kuma ba ya tambaya.

Mun sha jin irin shawarar da tsofaffin direbobi su kan ba yara, mun kuwa ga hikima a ciki. Su kan ce, giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka gangara. Dalili shi ne, wanda ya saki mota mai lodi a gangara yana dogara ga burki kaɗai, burkin ya kan yi zafi har ya daina kamawa, sa'an nan ba mai tsai da ita sai abin da ta tarar a gaba. (Abin dariya ne yadda giyar mota da giyar sha su ke da suna ɗaya. Ta farin tana riƙe mota, ta biyun tana sakinta.) Su kan ce a auna iskar taya da safe tana da sanyi. Su kan ce kada a buɗe murfin lagireto inji yana tafasa, gama mutane da yawa sun ƙone fuska ta haka. Watan Disamba da Janairu, lokacin da hazo ya rufe gari, su kan ce a rage gudu a kunna fitila ko da rana ce. In mota ta mutu a kan kwalta, a sa alama tun daga nesa, ba a gindin motar ba. In an gama gyara kuma a kwashe duwatsu da ganyen da aka sa, domin dutsen da ka bari da rana shi zai kā da mai babur da dare.

Amma wadda su ka fi nanatawa ita ce ta barci. A nan za mu ɗan daɗe, gama ita ta fi cin mutane. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 kowane sakan. Idan idon direba ya rufe na sakan 4 kaɗai, ta yi kusan mita 90 ba kowa a sitiyari. Mun san labarin saurayin nan Aftikos a Ayyukan Manzanni sura 20, wanda barci ya kwashe shi a bakin taga yana sauraron Bulus, ya faɗo daga bene na uku. In barci bai ji kunyar wa'azin manzo ba, ba zai ji kunyar ƙarar inji ba. Goro da shayi da kofi suna jinkirta shi, ba su biyan bashinsa. Maganinsa ɗaya ne, a sami wurin da jama'a su ke, a tsaya, a kwanta.

Ba kowace shawarar tasha ce ta kirki ba. Akwai masu cewa ka haɗiyi tiramol ka ga yadda za ka kai Ikko ba runtsawa. Gaskiya ne ido zai buɗe, amma hankali ya riga ya tafi, mutum yana ganin kwana yana tsammani hanya ta miƙe. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 domin ɓarnar da ya yi wa samari, amma masu talla ba su rasa abin da za su miƙo ta taga ba. Akwai masu cewa ka rataya laya a madubi, in mota ta kife za ka ɓace ka bayyana a gefen hanya. Akwai masu nuna wa yaro ɗakin da za a kwana a kowane zango, su ce ai haka maza su ke yi, ba su gaya masa cutar da zai kai wa matarsa a gida ba. Har shawara mai kyau ma ta kan tsufa. Kafin ran 2 ga Afrilu 1972 hannun hagu a ke bi a Nijeriya, daga ranar aka koma dama. Wanda ya riƙe koyarwar maigidansa ta dā bai sāke ba, gawarsa aka ɗauka. Saboda haka mai bi ya ji kowa, amma ya auna abin da ya ji da Maganar Allah da hankalin da Allah ya ba shi.

Yanzu mu juya ga karatunmu na biyu. Ana kai Bulus Roma yana ɗaure, cikin wani jirgin ruwa na Iskandariya mai ɗauke da alkama. Da su ka kai wata mafaka a tsibirin Karita, lokacin tafiya a teku ya riga ya wuce. Bulus ya gargaɗe su kada su ci gaba, ya ce za a yi hasarar kaya da jirgi, har da rayuka. Shi ba matuƙi ba ne, amma ya faɗa a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa jirgi ya taɓa fashewa da shi har sau uku, watau ya san abin da ya ke faɗi. Jarumin da ke tsaronsu, Yuliyas, ya fi yarda da maganar matuƙi da mai jirgin. Aka tashi. Iska ta kwashe su, su ka yi dare 14 ba su san inda su ke ba, su ka zubar da alkamar da hannunsu, jirgin ya farfashe a gaɓar Malita. Mutum 276 ke ciki, Allah cikin jinƙansa ya tsirar da su duka. Amma kayan da aka yi gaggawa dominsu, ko mudu ɗaya bai kai kasuwa ba.

Wannan magana ta masu motoci ce da masu kaya, akwai su kuwa cikin Ekklesiya. Mai tumatir yana so kayansa su kai kasuwar Mile 12 kafin su ruɓe, mai shanu yana tsoron kada ɗaya ta mutu a hanya, mai mota yana lissafin tsadar gas da kuɗin da za a bari a kowane shinge. Duk mun gane wannan, ba mu ce wasa ba ne. Amma idan direbanka ya ce taya ta suɗe, ko burki yana zubar da iska, ko ya ce kwana biyu bai runtsa ba, kai kuwa ka ce ya je hakanan in ya dawo a duba, ka zauna a kujerar mai jirgin nan. In abu ya faru, ba za ka ce ƙaddara ce ka wanke hannu ba. Jinin direba da na yaron mota da na mutanen gefen hanya, Allah zai tambaya. Mota mai nauyi ba ta mutuwa ita kaɗai. A watan Oktoba 2024 wata tankar mai ta faɗi a garin Majiya cikin Jihar Jigawa, mutane su ka taru suna kwasar mai, wuta ta tashi ta kashe fiye da mutum 150. Ku gaya wa 'ya'yanku, in sun ga tanka ta faɗi su gudu nesa.

Kai kuma direba, mai motar ya ba ka amana. Sayar da gas ɗinsa a ɓoye sata ce, ko da kowa a tasha yana yi. Ɗora fasinja a kan buhuna, mata da yara bisa lodin da ya wuce kai, domin ka sami na aljihu, sayar da rai ne da arha. Yaron motarka kuma, wanda wasu su ke kira karen mota, ba kare ba ne. Shi ke shiga ƙarƙashi cikin zafin rana, shi ke kwana a waje yana gadi. Kubawar Shari'a sura 24 ta hana a riƙe hakkin ɗan ƙodago matalauci har rana ta faɗi. Ka ciyar da shi, ka biya shi, ka koya masa da gaskiya, har abin da kai ka sha wuya kafin ka sani. Waɗansu su kan ɓoye sani don kada yaro ya fi su. Musa ya yi wa Hobab alkawarin rabo, bai ce ya zo ya yi bauta kyauta ba.

Haƙuri ma sashin aikin ne. An rufe iyakar ƙasa a watan Agusta 2019, ba a fara buɗe ta ba sai Disamba 2020. An sāke rufe ta Nijar a Agusta 2023 bayan juyin mulkin can, har Maris 2024. Motoci su ka yi layi a Jibiya, kaya su ka lalace, direbobi su ka zauna ba aiki, iyali kuwa suna jira a gida. A shekarun nan kuma 'yan bindiga sun sha tare hanyoyin yammacin jihar. A irin wannan lokaci mun ga direbobi suna haɗa tukunya ɗaya, suna buga wa juna waya cewa gaba ba lafiya a dakata, suna jira su taru su tafi a jere kamar ayarin dā. Mai bi kada ya zama na ƙarshe wajen wannan. Basamariyen da Ubangijinmu Yesu Kristi ya ba da misalinsa matafiyi ne shi ma, yana da inda za shi, amma ya tsaya, ya taɓa aljihunsa.

Saura mu da ke zaune a gida. Mu kan yi saurin cewa wane ya ja da baya, wata guda ba mu gan shi a sujada ba. Wa ya je ya tambayi matarsa ko akwai hatsi a gidan? Wa ya san garin da Lahadi ta same shi? Ya kamata dattawan kowace Ekklesiya su san direbobinsu da suna, su riƙa ambatonsu cikin addu'ar tsakiyar mako, su ba su wasiƙar gabatarwa zuwa ga Ekklesiyoyin da ke kan hanyarsu, domin in Lahadi ta riske su a Kaduna ko Lakwaja ko Ilori su san ƙofar da za su shiga. Zumuntar mata ta riƙa leƙa gidajensu, musamman inda akwai ƙananan yara ko mai ciki. Inda akwai tsohon direba da ya ajiye sitiyari, a ba shi wuri a taron matasa ya yi magana, kada a bar abin da ya sani ya tafi kabari tare da shi.

Akwai wani ƙaramin abu kuma da mu ke roƙon kowane direba ya yi kafin tafiyarsa ta gaba. Ya rubuta sunansa da garinsa da lambar wayar matarsa da ta fastonsa a takarda, ɗaya ya sa a aljihu, ɗaya ya manna a cikin motar inda ido zai gani. Waya ta kan fashe ko ta ɓace a wurin haɗari, ta kan kasance a kulle kuma, mutanen ƙauyen da su ka zo taimako su rasa wanda za su kira. Ya rubuta na yaron motarsa ma a ƙasan nasa.