Shaidar Kunne da Hukuncin Awo a Zaɓen Lasifikar Gida

Wanda ya tashi sayen ƙananan lasifikokin gida, irin waɗanda ake kira na kan kanta saboda ƙanƙantar akwatinsu, yakan ɗauka cewa abin da ke gabansa batun kuɗi ne da faɗin ɗaki kawai, alhali kuwa da zarar an jera masa guda biyu an ce ya faɗi wadda ta fi, ya shiga wata tsohuwar muhawara da masana falsafa suka daɗe suna yi. Muhawarar ita ce ko akwai wata gaskiya a cikin sauti wadda na'ura za ta iya riƙe amanarta ko ta ci, ko kuwa daɗin ji ne kaɗai ma'auni, kowa da abin da kunnensa ya yarda da shi, babu mai cewa wani ya yi kuskure.

Lasifikar da ake magana a kanta a nan ita ce wadda ba ta da injin ƙara ƙarfi a cikinta, wato dole sai an haɗa ta da amfilifaya ta waya kafin ta yi ko tari. A cikin akwatinta yawanci akwai faifai biyu masu kaɗawa, babba mai faɗin inci biyar zuwa shida da rabi wanda ke fitar da kakkauran amo da muryar ɗan Adam, da ƙarami mai kusan inci ɗaya wanda ke fitar da siririn sauti, sannan a tsakaninsu akwai wani ɗan allo na wayoyi da ke rarraba lantarkin da ya shigo, yana tura wa kowane faifai rabonsa. Tushen wannan ƙira yana komawa ga aikin da Chester Rice da Edward Kellogg suka wallafa a Amurka a 1925. Abin lura ga mai nazari shi ne, irin wannan lasifika ba ta da sauti nata na kanta da za a nuna a ce ga shi, domin abin da ke isa kunne haɗin gwiwa ne na faifan waƙa da amfilifaya da akwatin da bangon ɗaki, saboda haka duk hukuncin da aka yanke mata, an yanke shi ne a kan wata alaƙa da take ciki.

Girkawan dauri sun rabu gida biyu a kan waccan muhawara tun kafin a san lantarki. Mabiya Fisagoras sun tafi a kan cewa daɗin amo lissafi ne, tunda tsirkiya biyu da tsawon ɗaya ya ninka na ɗayar sukan ba da sauti mai jituwa, don haka lamba ce alƙali. Aristokzenus, almajirin Aristotal, ya ƙi yarda da haka, ya ce ilimin kiɗa yana farawa ne daga abin da kunne ya ji. Batlimus na Iskandariyya, a ƙarni na biyu na Miladiyya, shi ne ya nemi sulhu da cewa ji yana kawo abu a dunƙule, hankali kuma ya tace shi ya daidaita. Masu sha'awar lasifika a yau sun gaji wannan saɓani kusan yadda yake: ɓangare ɗaya ba ya yarda da komai sai zanen awo na ɗakin gwaji, ɗayan kuma yana ganin awo ba ya kama abin da ke sa waƙa ta ratsa jiki.

Akwai dai wani yanki na batun da ra'ayi ba shi da ta cewa a cikinsa. Sauti kaɗawar iska ce, ana ƙirga ta da haz, wato yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, kuma kunnen matashi mai lafiya yana ji daga kusan haz 20 zuwa 20,000. Kakkauran amo na haz 40 yana da zango mai tsawon fiye da mita takwas, kuma fitar da shi da ƙarfi yana buƙatar tura iska mai yawa, abin da ƙaramin faifai ba ya iyawa cikin sauƙi. Edgar Villchur, wanda ya kafa kamfanin Acoustic Research tare da Henry Kloss a 1954, ya samo dabarar rufe akwatin ruf domin iskar da ke ciki ta riƙa mayar da faifan mazauninsa, kuma da haka ne aka fara samun amo mai zurfi daga akwatin da zai zauna a kan kanta. Sai dai abin bai zo a kyauta ba, domin irin wannan akwati yana cin wutar amfilifaya sosai. Ƙa'idar da ake dangantawa ga Anton Hofmann ta taƙaita lamarin: ƙanƙantar akwati, da zurfin amo, da ƙara mai yawa a kan wuta kaɗan, biyu kawai ake iya haɗawa cikin ukun. Yawancin lasifikokin kan kanta suna ba da ƙarar da ta kai desibel 84 zuwa 88 a nisan mita ɗaya idan an ba su kimanin wat ɗaya, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana neman ninkin wuta, ga kuma turjiyar da suke yi wa lantarki, wadda ake rubutawa om 4 ko 6 ko 8, wadda idan ta yi ƙasa ainun takan wahalar da ƙaramar amfilifaya. Wanda ya ce kunnensa kaɗai yake bi, waɗannan iyakoki suna hawansa ko ya san su ko bai sani ba.

Inda maganar ta yi zurfi shi ne amincin kunnen kansa. Daga 1915 kamfanin Thomas Edison ya riƙa shirya taruka a manyan zauruka, inda mawaƙiya za ta tsaya kusa da garmaho tana rera waƙa tare da faifanta, a kashe fitilu, ta sulale ta bar dandamali, jama'a kuwa su kasa gane lokacin da ta yi shiru na'ura ta ci gaba. Garmahon wancan zamani ba ya fitar da ko rabin abin da kunne ke iya ji, amma dubban mutane sun tafi gida da yaƙinin cewa babu bambanci, kuma ɗaya daga cikin mawaƙan, Anna Case, ta bayyana daga baya cewa ta horar da muryarta ne ta yi kama da ta na'urar. Mutanen nan ba ƙarya suka yi ba, abin da suka sa rai za su ji ne ya cike musu giɓin abin da ba su ji ba. Haka nan binciken Harvey Fletcher da Wilden Munson na 1933 ya nuna cewa kunne ba ya jin kakkauran amo sosai idan ƙara ta yi ƙasa, wanda ke nufin idan aka kunna lasifika biyu a shago ɗaya ta ɗara ɗayar ƙara ko da kaɗan ne, mai saurare zai ji ta fi cika da armashi, ya ɗauka inganci ne.

Floyd Toole, wanda ya yi aiki a hukumar bincike ta ƙasar Kanada a Ottawa kafin ya koma kamfanin Harman a 1991, shi ne ya fi kowa bin diddigin wannan. A 1994 shi da Sean Olive sun sa mutum 40 su saurari lasifikoki huɗu sau biyu, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya kuma an sakaya su da labulen da sauti ke ratsawa. Da ido na gani, manyan masu tsada da kyan katako sun sami maki mai yawa. Da aka sakaya, tazarar ta ragu ƙwarai. Abin da ya fi jan hankali shi ne, sauya wa lasifika wuri a ɗaki ya canja makin da aka ba ta a lokacin da ba a ganinta, amma da ana ganinta sai masu sauraro suka kusan daina lura da canjin, wato ido ya toshe kunne daga jin bambancin da yake na haƙiƙa.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo irin wannan shakka a littafinsa Al-Munƙiz minal Dalal, inda ya nuna cewa ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tana tafiya, yana ganin tauraro kamar tsabar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. Mai gaggawa zai ce ke nan a jefar da shaidar kunne a kama awo, amma Gazali bai tsaya nan ba, ya tambayi hankalin ma abin da ya ba shi tabbacin cewa babu wani alƙali a bayansa. A batun lasifika tambayar tana da amsa mai kama hankali, domin zanen awo ba ya faɗin wace karkata ce ke ɓata sauti, wacce kuma ba a jinta, sai an tambayi kunnuwan mutane. Ƙimar awo daga kunne ta samo asali. Abin da binciken Toole ya rushe shi ne shaidar kunnen da aka bari tare da farashi da suna da ƙyalƙyali, kamar mai shaida a gaban alƙali wanda ake karɓar maganarsa idan ba shi da wata maslaha a shari'ar, a kuma yi watsi da ita idan yana da.

Da aka cika wannan sharaɗi sai wani abu ya bayyana wanda ya raunana da'awar cewa daɗi ba shi da ma'auni. A wani bincike da Olive ya wallafa a 2003, wanda ya ƙunshi masu sauraro fiye da 250, ƙwararru da waɗanda ba su da horo sun jera lasifikokin kusan a tsari ɗaya, kuma waɗanda suka zo gaba su ne masu fitar da kowane mataki na sauti daidai wa daida ba tare da fifita wani ba, masu watsa shi gefe da gefe cikin tsari. David Hume ya yi hasashen haka a maƙalarsa ta 1757 a kan ma'aunin ɗanɗano, inda ya ce hukuncin masu lafiyayyar gaɓa, da yawan gwadawa, da kuɓuta daga son zuciya, yakan haɗu wuri ɗaya. Ya kamata a tuna cewa kamfanin da ke sayar da lasifika ne ya ɗauki nauyin wani ɓangare na wannan bincike, kuma fifikon mafi yawan mutane ba ya zama wajibi a kan kowane mutum, musamman wanda shekaru suka rage masa jin siririn sauti. Duk da haka hujjar tana da nauyi, kuma wanda ya ce duk zaɓi ɗaya ne, shi ke da bashin kawo tasa.

Matsalar da ta rage ita ce ta asalin da ake riƙe wa amana. Yawancin waƙoƙin zamani ba a taɓa rera su a dunƙule a wani zaure ba, an harhaɗa su ne a ɗakin ɗaukar sauti, injiniya yana gyarawa gwargwadon abin da tasa lasifikar ta jiyar da shi, ita kuma an auna kyanta da wasu faya-fayan da aka gyara a kan wasu lasifikokin. Toole da kansa ya kira wannan da'irar ruɗani. Saboda haka amanar da za a iya nema daga lasifikar gida ƙarama ce amma tabbatacciya: kada ta shafa launinta a kan duk abin da ya ratsa ta. Lasifikar da ke ƙara kauri za ta gyara faifan waƙa ɗaya ta ɓata goma, kuma kuskurenta iri ɗaya ne kullum, har kunne ya gaji da shi.

Wannan bai hana mutum zaɓar iyakar da zai iya zama da ita ba. Lasifikar LS3/5A, wadda BBC ta ƙera a tsakiyar shekarun 1970 domin duba sauti a cikin motocin watsa shiri daga waje, akwatinta bai wuce kimanin lita biyar ba, ba ta da zurfin amo, ba ta kuma jure ƙara mai yawa, amma har yau ana ƙera ta da lasisi ana saye saboda yadda take fitar da muryar mutum. Wanda mafi yawan saurarensa ƙira'a ce ko jawabi ko waƙar da murya ke ja, yana da hujjar fifita irin wannan a kan wadda ke girgiza taga, kuma zaɓinsa na hankali ne muddin ya san abin da ya bari. Sannan ƙasa da kimanin haz 300 ɗakin ne ke da rinjaye a kan akwatin, ta yadda matsar da lasifika kusa da bango yana kumbura kaurinta, musamman mai ramin iska a baya, ɗaki mai tayil da bangon siminti tsirara kuma yana mayar da amsa-kuwwa mai kaifi wadda darduma da labule ke ragewa. Gwajin da ya cancanci a dogara da shi shi ne wanda aka yi a ɗakin da za ta zauna, ƙaramin faifan yana daidai tsayin kunne, an daidaita ƙarar lasifikokin biyu, da muryar da mai saye ya sani sarai, wani kuma yana sauya wayar ba tare da ya faɗa masa wacce ke aiki ba.