Kunnen da Ba Ya Ƙoshi

A shekarar 2016, jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta ba da labarin wani tsohon lauya a ƙasar Japan, mai shekara 82 da haihuwa, wanda ya biya wajen dalar Amurka dubu 10, kusan sefa miliyan 6 ke nan, domin a kafa masa turken wutar lantarki nasa na kansa a gaban gidansa. Ba ƙarancin wuta ne ya dame shi ba. Shi dai a ganinsa, wutar da yake tarayya da maƙwabta a kanta gurɓatacciya ce, saboda firjinsu da kwamfutocinsu suna zuba mata hayaniya, hayaniyar kuma tana bin waya ta shiga kayan sautinsa ta ɓata masa kiɗa. Wanda ya saba da ɗaukewar wuta a lokacin bazara zai yi dariya idan ya ji wannan labari. Amma idan dariyar ta lafa, akwai tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta: shin neman kamala a cikin abu halin kirki ne, ko kuwa kwaɗayi ne da ya sa babbar riga?

Dattijon nan ba shi kaɗai ba ne. A Japan da Ingila da Jamus da Amurka akwai jama'a masu yawa da suka mayar da tsabtar sauti abin rayuwarsu. Suna keɓe ɗaki guda a gida, su jera lasifikoki da na'urar ƙara ƙarfin sauti da garmaho na zamani, su kafa kujera ɗaya a daidai tsakiya. Suna da mujallunsu, irin su Stereophile da aka kafa a 1962 da The Absolute Sound da ta fito a 1973. Burinsu shi ne idan sun rufe ido su ji kamar mawaƙin yana tsaye a gabansu. Abin da aka fi sanin su da shi kuwa shi ne rashin zama wuri ɗaya: wanda ya sayi lasifika bana, baɗi zai sayar ya nemi wadda ta fi ta.

Wannan buri ya girmi duk masu yin sa a yau. Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a 1877. Daga 1915 kamfaninsa ya riƙa shirya taruka a manyan zauruka, inda mawaƙi zai tsaya kusa da na'urar yana rera waƙa tare da faifai, can sai ya yi shiru na'urar ta ci gaba, wani lokaci ma a kashe fitilu. Mahalarta suka riƙa shaida cewa ba su iya bambanta mutum da na'ura. Duk wanda ya saurari faifan wancan zamani a yau zai ji ƙaraf-ƙaraf da shaƙaƙƙiyar murya. Bayan haka faifai mai dogon zango ya zo a 1948, sauti mai fita ta ɓangare biyu ya bazu daga 1958, kaset ya fito a 1963, faifan CD a 1982, aka tallata shi da cewa kamalar sauti ta samu har abada. Ba a daɗe ba wasu suka ce sautinsa ya bushe, suka koma wa garmaho. A 2022 yawan fayafayan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987. Kowane zamani an ce masa ya isa ƙarshen hanya, na bayansa kuma ya zo ya ƙaryata.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da ke hannun waɗannan mutane na gaskiya. Mawaƙi da makaɗi sun ɓata shekaru suna gyara sana'arsu, don haka wanda ya damu ya ji aikinsu yadda ya kamata girmama su ya yi. Bambancin da ke tsakanin ƙaramar lasifikar wayar salula da lasifika mai kyau ba ruɗu ba ne, kowane kunne yana jin sa. Haka nan girman ɗaki, da labule, da inda aka ajiye lasifika, duk suna sauya abin da ke isa kunne, ana ma iya auna shi. A zamanin da kiɗa ya zama abin da ake saki yana zuba ana hira a kansa, mutumin da zai zauna shiru na sa'a guda yana saurare ya riƙe wata ɗabi'a da ke neman ɓacewa. Laifin ba a son abu mai kyau yake ba.

Matsalar tana farawa ne daga abin da ake bi. Mai neman kamalar sauti yana cewa so yake ya ji abin kamar yadda yake a asali. To, wane asali? Yawancin waƙoƙin zamani ba a taɓa yin su gaba ɗaya a wuri ɗaya ba. Ana ɗaukar ganga yau, a ɗauki murya wani mako, injiniya ya haɗa su a kan lasifikokinsa, a cikin ɗakin da mai saurare bai taɓa shiga ba. Wanda ba shi da asalin da zai gwada da shi, ba shi da ma'aunin da zai ce masa ya iso. Duk sauyin da ya ji sai ya ɗauke shi ci gaba.

Kunnen ma ba amintaccen alƙali ba ne. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa dubu 20 a daƙiƙa, amma saman wannan iyaka yana zaizayewa da shekaru, ta yadda a lokacin da mutum ya tara kuɗin sayen kaya masu tsada, kunnensa ya riga ya fara raguwa. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta riƙe ainihin launin sauti sai na ɗan lokaci kaɗan, kuma idan aka ɗan ƙara ƙarfin ɗaya daga cikin sautuka biyu, sai a ji kamar ya fi daɗi. A 2007 wasu masu bincike biyu a Amurka, Meyer da Moran, sun sa mutane su bambanta sauti mai ingancin CD da wanda aka ce ya fi shi, ba tare da sun san wanne ake sa musu ba. A gwaji 554 an dace sau 276, wato daidai da abin da canke zai bayar. Wani nazari na 2016 da ya tattara gwaje-gwaje da yawa ya nuna akwai ɗan bambancin da ake iya ji, musamman ga wanda aka horar, amma ƙanƙani ne ƙwarai idan aka gwada shi da kuɗin da ake zubawa.

Abin da ya faru a 2022 ya fi kowane gwaji bayani. Kamfanin Mobile Fidelity na Amurka ya shahara da fayafayan garmaho masu tsada, waɗanda masu saye suka yi imani an ɗauko su kai tsaye daga tef na asali, ba tare da sun ratsa ta tsarin lambobi irin na kwamfuta ba. A shekarar sai ta bayyana cewa an daɗe ana ratsawa da da yawa daga cikinsu ta wannan tsari. Mutanen da ke rantsuwa cewa kunnensu ba ya jure sautin lambobi sun yi shekaru suna yabon waɗannan fayafai. Suna da haƙƙin yin fushi, domin ba a faɗa musu gaskiya ba. Sai dai faifan bai sauya ba daga daren jiya zuwa safiyar yau. Labarin da ke kansa ne ya sauya, daɗin kuma ya tafi tare da labarin.

Masanin falsafar nan na Faransa, Diderot, ya bayyana wannan ciwo tun ƙarni na 18, a wani ɗan rubutu game da tsohuwar rigarsa ta zaman ɗaki. An ba shi sabuwa mai kyau, sai kujerarsa ta zama abin kunya kusa da ita, ya sauya kujera, ya sauya tebur, ya sauya hotunan bango, har ya wayi gari bawan rigar da ya kamata ta yi masa hidima. Kayan sauti sarƙa ce, kowace sarƙa kuma tana da gaɓar da ta fi rauni. Idan aka gyara lasifika, raunin ya koma kan na'urar ƙara ƙarfi, daga nan ya koma kan waya, daga waya ya fita gida ya hau turken wuta. ƴan kasuwa sun san da haka, shi ya sa ba sa rasa sabon abin da za su nuna.

Farashin kuwa ba a aljihu kaɗai ake biyan sa ba. A 2024 jaridar Washington Post ta ba da labarin wani Ba'amurke da ya shafe shekaru masu yawa yana gina ɗakin saurare da kayan da ya ƙiyasta sun ci dala miliyan 1. Ya sa ƴaƴansa aikin gini tun suna ƙanana, har zumunci ya lalace tsakaninsa da wani daga cikinsu. Ya rasu a 2022, aka yi gwanjon kayan kashi-kashi a kan wajen dala dubu 156. Garin neman gira aka rasa ido.

Ina iyaka ke nan tsakanin ƙwarewa da kwaɗayi? Mai gurmi yana da amsa. Kafin ya fara kiɗa yakan ɗaure tsirkiya, ya taɓa, ya kasa kunne, ya sake ɗaurewa. Ba ya yarda da sakaci ko kaɗan. Amma akwai lokacin da zai ce ta yi, ya ɗaga kai ya dubi jama'a ya fara waƙa. Da zai kwana yana ɗauri, da taro ya watse ba a ji komai ba. Gyaransa yana da iyaka saboda yana yi wa wani abu hidima, abin nan kuwa shi ne waƙa da masu jin ta. Mai neman kamala marar iyaka ya juya wannan tsari: waƙa ta koma abin gwada na'ura. Yakan sa daƙiƙa 30 na faifai ɗaya sau goma, yana neman aibi, ba ya kai waƙa ƙarshenta. Wadatar zuci a nan ba ta nufin yarda da abu marar kyau. Tana nufin sanin abin da ake gyara dominsa, da tsayawa idan an same shi.

Darasin ya wuce ɗakin saurare. Ya shafi mai sauya wayar salula duk shekara, da marubucin da littafinsa ya tsufa a cikin akwati saboda bai gama gogewa ba, da ƙungiyar al'adu da ke jiran kayan ɗaukar sauti na zamani kafin ta je wurin tsohon makaɗin garinsu, har mutuwa ta riga ta zuwa. Dubban mutane sun haddace waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Gurmu daga ƙaramar rediyo mai batir da kaset ɗin da ya sha juyi da biro, suna zaune su goma a kan tabarma ɗaya. Sautin bai da tsabta, amma ba a rasa baiti ko ɗaya ba. Wanda ya samu kayan da suka fi waɗannan ya yi sa'a, kuma hanyar gode wa sa'ar ita ce ya sa waƙa tun daga farkonta, ya ƙara kujera a ɗakin, ya bar ta ta kai ƙarshe.