Yaron da ya san laifi amma yake maimaitawa



Bayan sallar La'asar wani bawan Allah ya tsayar da ni, ransa a ɓace. Ɗansa mai shekara 8 ba ya iya zama wuri ɗaya a Islamiyya. In an aike shi, ya manta saƙon a hanya. In an tambayi wani, shi zai yi caraf ya amsa. Ya ce: "Malam, na yi faɗa, na yi duka, har ruƙiyya an yi. In na tambaye shi sai ya ce ya san laifi ne. To me ya sa yake maimaitawa?"

Tambayar nan ta tsaya min a rai. Wanda ya san daidai amma ya kasa tsayar da kansa, yaya nauyin laifinsa yake?

Likitoci sun daɗe da lura da irin waɗannan yara. A 1902 wani likita a Landan, George Still, ya yi bayaninsu: hankalinsu lafiya lau, kamun kai ne ke ba su wahala. Yau ana kiran lalurar ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan motsi, kuma tana samun kusan yara 5 cikin 100. Gado na da babban tasiri a cikinta.

Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne birkin mutum, shi ke cewa "dakata tukuna". A 2007 masu bincike a Amurka sun bibiyi hotunan ƙwaƙwalwar ɗaruruwan yara, suka ga ta masu wannan lalura tana jinkirin nuna da kusan shekara 3, musamman wannan sashen. Ka ga ke nan yaron ya san dokar, birkin ne ke kamawa a makare.

Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa taklifi yana tafiya ne da iko, balle yaro da bai ma balaga ba. Ai ba ma dukan mai raunin gani don ya kasa karanta allo, tabarau muke nema masa. To don me za mu yi ta zane wannan a kan abin da ya fi ƙarfinsa?

Kada fa a ce na ce a daina tarbiyya. Nauyin yana nan, kanmu ya dawo. Ka ba shi umarni ɗaya gajere, yana kallonka. Malami ya zaunar da shi a gaba, ya gutsuttsura masa karatu, ya ba shi aikin da zai motsa jiki. In ya yi daidai a yaba masa nan take.

Kuma ba kowace ƙiriniya ce lalura ba. Likita ne zai tantance: sai alamun sun kai wata 6, sun fara kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta. Akwai magani da horo masu taimakawa.

Abin da nake tsoro shi ne, yaron da kullum ake ce wa "ba ka da amfani" wata rana zai yarda, ya tsani karatu, har da na Alƙur'ani. Ranar nan wa za a tambaya, shi ko mu?

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu haƙuri da su.