ADO KO AZABA?

'Yan uwana mata, akwai wata tambaya da na daɗe ina son mu yi wa kanmu, musamman mu mazauna Kaduna da muka san halin watan Afrilu da Mayu. Shin idan mace ta buɗe akwati za ta sa kaya, wa ya kamata ta fara tunawa, jikinta ko kuwa idon mutane?

Duk wadda ta taɓa tsayawa a shataletalen Mando da rana tsaka tana jiran keke ta san zafin da nake nufi. Ba irin na watan Maris ba ne, lokacin da za ki yi gumi iska ta busar nan take. Wannan na gab da damina ne, hadari ya haɗu ya ƙi sauka, gari ya yi tsit ko ganye ba ya motsi. Shi gumi ba ya sanyaya jiki sai in ya bushe, ita kuwa iskar ta riga ta ƙoshi da danshi, ba ta da wurin karɓar naki, sai ya kwanta tsakanin fata da tufa. Daga nan ne ƙurajen zafi ke fitowa, da ƙaiƙayin hammata da matsematsi, da kuma warin nan da ko humrar Barno ba ta iya rufe shi.

To a cikin wannan hali ne za ki ga 'yar uwa ta fito za ta gidan biki, ta sha leshi mai nauyi an yi masa shafi da yadin roba, tela ya matse shi tamau kamar huhun goro, ga gwaggwaro, ga mayafi mai duwatsu. Kafin ta kai Kawo hoda ta dame, numfashi sama-sama, amma in kin tambaye ta sai ta ce ai ado sai da wahala. Wa ya faɗa? Wallahi ba miji ba ne, domin yawancinsu ko sunan yadin ba su sani ba. Mu ne dai muke gasa junanmu, kowa na tsoron kada a je a ce wance ba ta kai ba.

Wasu kuma sai su jingina abin ga addini, wai sutura ce ta jawo. A nan kam ban yarda ba. Sutura cewa ta yi a rufe jiki da tufa mai yalwa wadda ba ta bayyana sura, shi ma zafi yalwar yake nema, to ina faɗan yake? A shekarar 1980 wasu masana sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a hamadar Negev kan rigunan Larabawan ƙauye, suka tarar mai baƙar riga da mai fara kusan zafi ɗaya ke isa jikinsu, saboda rigar burmemiya ce, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama. Iyayenmu ba su jira masana ba, zanen saƙi da buba mai faɗi suka rayu da su. Sai dai Kaduna ba hamada ba ce, mu muna da danshi, don haka bayan yalwa sai an haɗa da rashin nauyi da kuma yadi mai shan gumi.

Nan ne zancen auduga ya shigo, kuma nan ne abin ke ba ni takaici. Zaren auduga na iya riƙe danshi kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinsa, na roba kuwa ko kashi 1 bai kai ba. Garin nan namu a da shi ne gidan auduga. Tun 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, daga baya Arewa Textiles da UNTL suka biyo, audugar Funtuwa da Gusau ake sarrafawa a nan ƙetaren kogi. A 2002 Kaduna Textiles ta rufe, sauran ma suka bi layi suna durƙushewa. Yau atamfa mai sauƙin kuɗi yawanci daga ƙasar Sin take zuwa, da yawa kuma an cakuɗa ta da roba, ga ƙyalli a ido, ga wuta a jiki.

Saboda haka ni ba na ganin laifin matar da ƙarfinta bai kai ta sayi mai kyau ba, Allah Ya rufa mana asiri baki ɗaya. Wadda nake tuhuma ita ce mai zaɓi, musamman uwar biki da ƙawayen amarya masu fitar da anko. Ke Hajiya, kin san bikin 'yarki a watan Mayu ne, kin san a tsakar gida za a zauna ƙarƙashin rumfar tamfol, NEPA kuma ba tabbas, amma kika zaɓi yadi mai kauri don ya yi kyau a hoto. Mata hamsin za su cire kuɗin cefane su saya don kunyarki, a cikinsu akwai mai ciki, akwai mai goyo, akwai tsohuwa mai hawan jini. Jikinsu da aljihunsu duk kin yi iko da su a wuni ɗaya, shin kin taɓa ɗaukar wannan a matsayin haƙƙi?

Kada kuma wata ta ce na ce a zauna da ɗaurin ƙirji tun safe har maigida ya dawo, a'a, ƙazanta daban, sauƙi daban. Doguwar riga ta atamfa mai laushi, wankakkiya, an turara ta, ta ishe ki ado a cikin gida. Ta ma fi miki aminci a madafa, domin yadin roba in wuta ta lashe shi narkewa yake yi ya manne a fata.

In kin shiga Kasuwar Sheikh Gumi sayen yadi, ki roƙi mai shago ya ba ki zare ɗaya daga gefe, ki fito waje ki ƙyasta masa ashana. Auduga za ta ci da ƙaurin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa sai ta ƙanƙance ta dunƙule ta yi tauri. Idan kuma ya hana ki zaren, to ai kin ji amsa, sai ki leƙa shago na gaba.