Allon Da Ke Jikin Rijiya

Akwai wani abu da duk mai yawan tafiye-tafiye a garuruwa da ƙauyukan ƙasar nan ya sha gani. Za a tarar da rijiyar burtsatse a bakin kasuwa ko a gefen makarantar firamare, an yi mata daɓen siminti, an kafa allon ƙarfe kusa da ita, an rubuta sunan ƙungiyar da ta haƙa, da sunan shugabanta na wannan shekara, da ranar da aka buɗe. Ranar buɗewar kuwa an kafa rumfa, hakimi ko wakilinsa ya halarta, an yanke ƙyalle, an ɗauki hotuna, mai unguwa ya yi godiya a madadin jama'a. Idan aka koma bayan shekara biyu, wani lokaci sai a iske ruwa yana zuba, yara sun yi layi da bokitai da jarkoki. Wani lokaci kuwa sai a iske hannun famfon ya saki, awaki suna kwance a kan daɓen, jama'a sun koma ga tafkin da suka baro, amma allon yana nan tsaye, ko fentinsa bai koɗe ba.

Wannan allo ya daɗe yana jawo gardama a majalisu. Wasu suna cewa ai riya ce tsagwaronta, domin wanda ya yi don Allah ba ya bukatar maƙeri ya rubuta sunansa. Wasu kuwa suna cewa in ba a bayyana ba yaya wani zai gani ya yi koyi? Tun da yake ƙungiyoyin hidimar jama'a sun yawaita, tun daga na taimakon kai da kai masu yashe lambatu da cike ramukan unguwa, har zuwa na ma'aikata da 'yan kasuwa masu haɗa kuɗi su gyara asibiti, ya kamata a dubi al'amarin da kyau.

Masu tsoron riya suna da hujja mai nauyi. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, labarin mutane uku da za a fara yi wa hukunci Ranar Ƙiyama, ɗaya daga cikinsu mawadaci ne wanda bai bar wata hanyar alheri ba sai da ya ciyar a cikinta, amma aikinsa ya tashi a banza saboda ya yi ne domin a ce da shi mai kyauta. Ba rowa aka tuhume shi da ita ba. Dukiyar ta fita, mabukata sun amfana, shi ne kaɗai ya yi hasara. Lalle wanda ya san wannan labari, ya kuma ga sunansa a jikin allo, in gabansa bai faɗi ba to ya binciki zuciyarsa.

Amma fa ba nan maganar ta tsaya ba. Aya ta 271 ta Suratul Baƙara ta yabi sadakar da aka bayyana, sa'an nan ta fifita wadda aka ɓoye aka bai wa matalauta. Ibnul Ƙayyim ya lura da wani abu a nan, watau an haɗa fifikon ɓoyewa ne da bai wa matalauci, domin akwai sadakar da ba ta ɓoyuwa, kamar gina gada ko jawo ruwa. Rijiya ba ta shiga aljihu. Kuma tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an san rijiyoyi da masu su. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi sadakar da ta fi dacewa ya yi wa mahaifiyarsa da ta rasu, aka nuna masa ruwa, ya haƙa rijiya ya kuma bayyana cewa ta mahaifiyarsa ce. Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, kowa ya san shi ya saya, har shi da kansa ya tunatar da mutane wannan a kwanakin da aka tsare shi a gidansa. Zubaida matar Haruna Rashid ta jawo wa alhazai ruwa zuwa Makka da Arfa, yau shekara fiye da 1,200 ke nan ana kiran aikin da sunanta, babu malamin da ya ce a kankare.

Haka kuma Imamu Muslim ya kawo labarin wasu mutanen ƙabilar Mudar da suka iso Madina cikin tsananin talauci, Annabi ya tara jama'a ya kwaɗaitar da su, wani mutumin Madina ya zo da jakar kuɗi wadda hannunsa ya kusa kasa ɗauka, daga nan mutane suka yi ta kawowa har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. Da mutumin nan ya jira dare ya kai a ɓoye, da ba a sami masu bin sahunsa ba. Ashe ke nan gidauniyar da ake kafawa a bainar jama'a tana da asali.

To, tun da suna a jikin aiki ba shi ne riya ba, kuma niyya ba ta ganuwa, da me ƙungiya za ta auna kanta? Mutum ɗaya yana iya zama cikin dare ya tuhumi zuciyarsa. Ƙungiya mai mutum arba'in ba ta da zuciya ɗaya da za ta tuhuma. A cikinta akwai wanda ya shiga don Allah, da wanda ya shiga don ya san manya, da wanda abokinsa ya jawo shi. Ma'aunin da ya rage mata shi ne ta dubi abin da take yi a ranar da babu rumfa, babu mai ɗaukar hoto.

Tarihin ƙungiyar Rotary ya isa misali a nan. Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa ta a birnin Shikago na Amurka a 1905, reshenta na farko a Nijeriya kuwa a Kano aka buɗe shi a 1961, kafin na Ikko. Ba hukuncin shiga cikinta ake magana a kai ba, wannan fage ne na daban, kuma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta ambace ta tare da ƙungiyar Lions cikin gargaɗin da ta yi a 1978 a kan ƙungiyar asiri ta Masoniyya. Abin da ake dubawa shi ne wani aiki da ta sa hannu a ciki, wanda kowane gida a Arewa ya san shi. A 1985 ta ɗauki alkawarin yaƙi da cutar shan inna a duniya. A 1988, sa'ad da ta haɗa kai da Hukumar Lafiya ta Duniya da sauran hukumomi, cutar tana nakasa yara wajen 350,000 a kowace shekara a ƙasashe 125.

Aikin ba mai ƙayatarwa ba ne. Ɗigo biyu ne a bakin yaro, a koma bayan 'yan watanni a sake, gida gida, rariya rariya, shekara da shekaru. Kuma bai tafi sumul ba. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Jihar Kano saboda zargin an gurɓata maganin, zargin da ya sami wurin zama domin mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi a kan yaran Kano a 1996 ba. Sai a tsakiyar 2004 aka koma, bayan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, mata masu neman abin rufin asiri. Duk da haka ba a daina ba. Sarakuna da malamai da masu unguwanni suka shiga, aka ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofofi. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano an same shi a Sumaila a 2014, na ƙarshe a Nijeriya a Borno a 2016, sa'an nan a watan Agusta na 2020 aka ba da shaidar cewa yankin Afirka ya rabu da ita, ko da yake an ci gaba da rigakafi saboda wani nau'in da ke ɓulla inda yara ba su samu isasshe ba.

Abin lura shi ne wannan aiki, wanda ya fi kowace rijiya da kowane ajin makaranta girma, ba shi da inda za a kafa masa allo. Saurayin da ke buga ƙwallo a fili da ƙafafunsa biyu bai san cewa shi ne aka tsirar ba, uwarsa ma ba ta sani ba, wanda ya ba da kuɗin ma bai san shi ba. Matan da suka sha rana suna yawo da akwatin ƙanƙara, ana rufe musu ƙofa, wani lokaci har da zagi, ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu a bakin hanya ba. Ba a cewa duk wanda ya sa hannu ya yi da ikhlasi, wannan sanin Allah ne. Amma aikin da aka yi shekara talatin da biyar ana maimaitawa, ba tare da ranar yanke ƙyalle ba, ya fi nisa daga zargi.

A koma ga rijiyar da ta mutu. Yawanci abin da ke kashe famfon tuƙa-tuƙa ba babba ba ne: roba ce ta cinye a ƙasa, ko sarƙa ta tsinke, ko bututu ya yi tsatsa ya huje. Kuɗin gyaran bai kai kuɗin rumfa da kujeru da lemon da aka sha ranar buɗewa ba. Me ya sa ba a gyara ba? Ɗaya daga cikin dalilai yana cikin tsarin ƙungiyoyin kansu. Da yawansu suna canja shugaba kowace shekara, kuma kowane sabon shugaba yana so a ce ga abin da aka yi a zamaninsa. Gyaran rijiyar da ke ɗauke da sunan wanda ya gada ba zai shiga lissafinsa ba, don haka sai ya nemi wani ƙauye ya haƙa sabuwa. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya ci kuɗi, amma son a ambaci mutum ya shigo ta bayan gida ya zaɓa wa ƙungiya aikin da za ta yi. Irin wannan riya ita ce mai wuyar ganewa, domin ba a zuciyar mutum ɗaya take zaune ba, tana cikin ajandar taro.

Sadakar da ladanta ke bin mutum kabari an kira ta jariya, ma'anar kalmar kuwa mai gudana. Malamai sun ɗaure ci gaban ladan da ci gaban amfanin. Ruwan Zubaida bai kai ƙarnoni yana gudana don ƙarfin ginin farko kaɗai ba, sarakunan da suka zo bayanta, har zuwa na Daular Usmaniyya, sun yi ta yashe magudanan suna gyarawa, suna kuma barin sunanta a kai. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Wanda ya sayi robar famfo ya biya makanike, a rijiyar da sunan wani ke jikinta, ya sami damar da mai allon bai samu ba, domin ya shayar da gari guda babu wanda zai ce masa sannu.

Akwai kuma wani wuri da bayyanawa ke zama cutarwa ƙarara, ko da niyya ta yi kyau. Rijiya ba ta jin kunya, amma mutum yana ji. Idan ƙungiya ta tara zawarawa da marayu a rana, ta jera su, ta sa kowa ya rungumi buhun shinkafa ana ɗaukarsa hoto, gobe a gan shi a jarida ko a wayoyin mutane, to ta karɓi wani abu daga gare su wanda ya fi buhun tsada. Magidancin da ya yi shekara ashirin yana rufa wa kansa asiri, yau surukansa sun gan shi a layi. Aya ta 264 ta wannan sura ta yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Masu cewa sai da hoto masu ba da gudummawa za su yarda kayan sun isa, suna da hanyar da ba ta taɓa mutuncin kowa: a ɗauki hoton kayan, a rubuta lissafi, mai unguwa da limami su sa hannu, a kai wa kowa nasa gida bayan magariba. Kakannin Hausawa da ke ajiye randa da moɗa a ƙofar gida domin masu wucewa ba su taɓa tsayawa su ga wanda ya sha ba.

Saboda haka ba a ce wa ƙungiya ta tumɓuke allonta ba. Sunan da ke kai yana da amfani in an ɗauke shi a matsayin amana, watau shaida ce cewa ga waɗanda za a nema idan ruwa ya tsaya. Ƙungiyar da ta fahimci haka, kafin ta kira mai haƙa za ta zauna da mutanen wurin a fitar da waɗanda za su kula da famfon, a koya wa wani saurayi kwance shi da ɗaurawa, a yarda da ɗan abin da kowane gida zai riƙa sakawa a asusun gyara. A kasafinta na shekara za ta ware kaso na tsofaffin ayyuka kafin ta taɓa sababbi, sabon shugaba kuma zai fara zamaninsa da zagaya rijiyoyin waɗanda suka gabace shi, ya kama hannun kowane famfo ya tuƙa da kansa ya ga ko ruwa zai fito.