Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Ya San Kima

Ƴan uwa, a kasuwa akwai tiya, akwai sikeli. Tiya guda ta hatsi ta kai kamar kilo 2 da rabi, tiya 40 kuma su cika babban buhu. Amma a gindin murhu babu sikeli. Mara da ludayi da ido su ne ma'aunin mai rabon tuwo. To, wane rabo ne na adalci?

Wasu sun ce a ba kowa daidai da na kowa, shi ke nan babu gardama. Maganar da daɗin ji. Amma mu duba. Wanda ya yini yana noma, da tsohon da ya yini a inuwa, da mace mai goyo, da yaro ɗan yaye, cikinsu ɗaya ne? A'a. In an raba musu daidai, wani zai bar saura, wani ya kwana da yunwa. Ashe adalci shi ne a ba kowa gwargwadon bukatarsa.

Awo da hannu ba sabon abu ba ne. Zakkar fid da kai mudun Annabi 4 ce, malamai kuma sun ce mudu guda shi ne cikin tafi biyu na mutum matsakaici. Hannu yana girma tare da mai shi. Dunƙulen hannun babba ya fi na yaro, haka ma malmalarsa.

Sai dai hannu yana bin zuciya. Nan ne matsalar take. A gidaje da yawa, tsokar nama ta maigida ce da baƙo. Mai ciki da mai goyo, waɗanda ke ci don mutum biyu, su ne na ƙarshe, wani lokaci sai ƙanzo. Ƙaramin yaro kuwa an haɗa shi akushi ɗaya da yayyensa. Kafin ya kai loma biyu, sun share. Ba wanda ya yi niyyar cutarsa, amma an cuce shi.

Cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar da yawa a zama guda. Ma'aikatan lafiya sun ce yaro mai shekara 1 zuwa 2 ya ci sau 3 ko 4 a yini, ban da nono. A zuba masa a ƙoƙonsa shi kaɗai, uwa ta zauna kusa, ta ga abin da ya ci da abin da ya bari. Wannan ma awo ne.

Waɗanda suka ga yunwar 1973 da ta 1984 da ta 2005 sun sani: in rumbu ya yi ƙasa, ƙanana su ke fara ramewa. Saboda haka, maigida, in za ka fid da awo, ƙirga bakuna har da na goye. Uwargida, in kin ɗauki mara, fara duban wanda ba shi da bakin cewa bai ƙoshi ba.