WACE ZA A HARBA, WACE ZA A BARI?

Ranar 3 ga watan Nuwamba Ikkilisiya takan tuna da Waliyyi Hubert, Bishop na birnin Liyej cikin ƙasar Beljiyam ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 727. Shi ne waliyyin mafarauta. Labarin gargajiya ya ce tun yana saurayi farauta ta cinye masa zuciya, har ya shiga dajin Arden a ranar Jumma'ar da ake tunawa da mutuwar Ubangiji. Can ya yi kiciɓis da namijin barewa, gicciye na haskakawa tsakanin ƙahoninsa, sai ya durƙusa ya tuba. Har wa yau mafarauta a Jamus da Beljiyam da Faransa sukan taru wajen Misa domin tunawa da shi. Wannan ya ba mu dalilin yin wata tambaya: in an yardar wa mutum ya kashe dabba domin abinci, wace dabba ce ya kamata ya kashe, wace kuma zai bari ta wuce?

Barewar ƙasashen sanyi ta bambanta da wadda muka sani. A yawancin irinsu namiji kaɗai ke da ƙaho, mai rassa kamar itace, yana zubewa kowace shekara ya sake tsirowa, kuma yakan ƙara girma yayin da dabbar ke manyanta. Shi ya sa mafarauta ke alfahari da babban ƙaho, suna rataye shi a bangon ɗaki.

Mu ɗauka ga wani maharbi a jihar Fensilbaniya ta Amurka, farkon watan Disamba. Tun kafin asuba yake zaune bisa itace, sanyi na ratsa ƙashinsa. Gari na wayewa sai bareyi uku suka ɓullo: babban namiji mai ƙaho abin sha'awa, da ɗan saurayi mai shekara ɗaya da rabi, da mace. Ba mai ganinsa sai Allah. Zuciyarsa ta riga ta zaɓi babban. Amma zuciya ce za ta yanke wannan shari'a?

Tarihin ƙasarsa ya nuna kuskure iri biyu. Na fari shi ne haɗama. A ƙarni na 19 masu harbi don kasuwa sun yi ta kashe maza da mata ba lissafi, har wajen shekara ta 1900 barewa mai farar wutsiya ta ragu zuwa kimanin 500,000 a dukan Amurka. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Dokar Lacey ta 1900 ta hana kai naman da aka harba ba bisa ƙa'ida ba daga wata jiha zuwa wata, dokar 1937 ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai domin raya namun daji, jihohi da yawa kuma suka hana harbin mata. Yau ana ƙiyasta su wajen miliyan 30.

Kuskure na biyu ya fi wuyar ganewa, gama yana sanye da rigar tausayi. A shekara ta 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya keɓe tudun Kaibab a jihar Arizona. Aka hana farautar barewa a wurin, maharban gwamnati kuma suka bi kyarketai da damisar duwatsu suna kashewa. Bareyi suka hayayyafa fiye da kima, suka cinye ciyawa da tohon itatuwa, daga 1924 kuwa dubbai suka yi ta mutuwa da yunwa a lokutan hunturu. Aldo Leopold, masanin daji wanda shi kansa ya harbi kyarkeci yana matashi, ya amsa wannan kuskure cikin littafinsa da ya fito a 1949. An so a cece su daga harsashi, sai aka ba da su ga mutuwar da ta fi azaba.

A Fensilbaniya ma, ƙa'idar nan ta kada a taɓa mace, wadda ta ceci garke a dā, ta zama al'adar da kakanni ke koya wa jikoki. Aka ci gaba da kashe maza tun suna 'yan samari, mata na ta ƙaruwa, har ƙananan itatuwa suka kasa tashi a dazuzzuka da yawa. A 2002 hukumar namun daji ta jihar, bisa shawarar masaninta Gary Alt, ta hana manyan mafarauta harbin namijin da bai kai rassa uku a ƙaho ɗaya ba, ko huɗu a yammacin jihar, ta kuma ƙara lasisin harbin mata. Mafarauta da yawa suka husata, Alt kuwa ya bar aikinsa a ƙarshen 2004.

Kada wani ya ce ashe gaskiya tana sākewa da zamani. Abin da ya hana kaka harbin mace, shi ne ya wajabta wa jika harbinta: wato amana. Littafin Farawa ya nuna an sa mutum cikin gona domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Mai riƙon amana ba ya fara tambayar abin da ransa ke so. Yakan tambayi abin da garke da daji za su iya bayarwa ba tare da sun lalace ba.

Wani zai ce duk wannan ado ne da ake yi wa daɗin kisa. Zancen yana da nauyi, gama akwai masu yanke kai su bar nama ya ruɓe. Katikisma ta Ikkilisiyar Katolika ta 1992, daga sashe na 2415 zuwa 2418, ta yarda a yi amfani da dabbobi domin ci da sutura, amma ta koyar cewa wahalar da su ko kashe su a banza ya saɓa wa darajar ɗan Adam. Saboda haka dole maharbi ya amsa tambayoyi uku. Za a ci naman? Garke zai iya rasa wannan dabba? Zan iya kashe ta nan take, ba in raunata ta ta je ta mutu cikin ƙunci ba? Dokar farauta ta Jamus ta hana harbin uwa muddin 'ya'yanta na dogara gare ta. Maharbin Jamus kuma yakan sa ɗan reshen itace a bakin dabbar da ya kashe, abin da suke kira loma ta ƙarshe, domin ya tuna cewa rai ya ɗauka, ba kaya ba.

To, mu koma wurin mutuminmu bisa itace. Harbin babban namijin ba zunubi ba ne in doka ta yarda, za a kuma ci naman. Amma in dajin ya gaji, yana kuma riƙe da lasisin mace, a wannan lokaci da aka riga aka yaye 'ya'ya, a ganina macen ce zaɓin kirki, ko da yake ba wanda zai yabe shi a kanta. Saurayin kuwa a bar shi ya girma. In reshe ya tare masa gani, ya sauke bindiga ya koma gida hannu wofi. Wannan ba hasara ba ce.

Yawancinmu ba za mu taɓa ganin irin wannan barewa ba. Amma kowannenmu yana da sa'ar da yake shi kaɗai, iko na hannunsa, abin da yake so dabam, abin da ya kamata dabam. A nan ake sanin mutum. Ubangiji ya ba mu, ta wurin roƙon Waliyyi Hubert, idon da ke dubawa da kyau kafin yatsa ya taɓa kunamar bindiga. Amin.